Tamfol a Kan Hanyar Doso

Yayana direban kamyo ne, babbar motar kaya irin mai shimfiɗaɗɗen baya wanda ba shi da bango, sai dai a jera kaya a kai a ɗaure. A gidansa na sauka lokacin da aka turo ni Yamai koyarwa, a Wadata, bayan kasuwar da ta cika da mutane tun da babbar kasuwa ta ƙone. Ina da ɗaki ɗaya kusa da ƙofa, shi da matarsa da 'ya'yansu suna ciki. Shi ya ɗauki nauyin karatuna tun daga ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, har na fita, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. In yana cikin raha yakan kira ni Madam, yadda 'yan ajina suke yi. In ransa a ɓace yake, "ke" ce kawai.

Kamyon na wani Alhaji ne a Kalley, amma tamfol ɗin na Yaya ne, da guminsa ya saya. Mutanen Yamai bash suke ce masa, mu da muka taso a Maraɗi tamfol muka sani. Kore ne mai kauri, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, kuma kullum yana warin man gazuwal da albasa. Yaya ba ya barin sa ya kwana a tasha. Gida yake kawo shi, yana da gurbinsa a kan duwatsu a cikin rumfa don kada gara ta taɓa shi. Ɗansa na fari ya taɓa hawa kai da takalmi, ya sha dukan da har maƙwabta suka shigo.

Wata rana ina kallon sa yana ɗaure buhunan siminti, ya ja igiya ya taka da ƙafa ya sake ja, na tambaye shi me ya sa sai an rufe kaya, tun da ga igiya ta riƙe su.

Ya ce, "Igiya tana hana kaya faɗuwa ne kawai. Siminti in ruwa ya taɓa shi ya zama dutse. Gishiri ya narke. Buhun shinkafa in rana ta dafa shi, kina ɗagawa sai ya yage. Ga iska, ga ƙura, ga wanda ke bayanki da mota, abu ya fizge ya fasa masa gilashi." Ya tofar da yawu, ya ƙara jan igiyar. "Kaya in a buɗe suke, na kowa ne, Madam. Jandarma ya gani ya so, ɓarawo ya gani ya so. In na rufe, nawa ne har in sauke."

A shekarar da nake magana a kanta damina ba ta yi ba. Wadda ta gabace ta ma ba ta yi wani abin kirki ba. Sojoji sun daɗe a kan mulki, mun saba da rage murya in za a ambace su, ko a cikin ɗakin malamai. Bayan kaka, wadda ba a girbe komai a cikinta ba, mutane suka fara shigowa birni daga arewa. Da fari a gefen gari suke tsayawa, wajen Lazare, su kafa rumfunan kwali da tsumma. Daga baya suka cika bayan kasuwa, da gindin kowace katanga mai inuwa. Yawancinsu mata ne da tsofaffi. Wasu Zabarmanci suke ji, wasu Buzanci, wasu Hausa irin tamu.

Sai abincin taimako ya fara zuwa, jar dawa da masara a buhuna masu rubutun Turawa. Aka tattara kamyoyin 'yan kasuwa don jigila, har da wanda Yaya ke tuƙawa. Wani lokaci ya je Gaya ya ɗauko, wani lokaci daga wannan magaza, wato ma'ajiyar hatsi, zuwa waccan a cikin gari.

Matan nan suka gane hanyoyin da motocin ke bi. Sukan tsaya a kwana, inda dole direba ya rage gudu, da tsintsiya da ƙwarya. Buhu ba ya rasa ɗan rami, abin da ya zubo su share shi da ƙasarsa. Masu ƙarfin hali sukan bi motar da gudu da wani ƙarfe mai tsini, su soki buhun ƙasa, su tara zane. Na gani da idona a kan hanyata ta zuwa lakwal. Wata safiya taya ta bi ta kan wata mata a kusa da Kalley. Ba motar Yaya ba ce, amma yana bayan motar da ta taka ta, ya ce sai da aka zuba yashi a wurin.

Bayan haka aka ba da oda: duk motar da ta ɗauki hatsi sai an rufe ta ruf, ko da tsallaka titi kawai za ta yi. Babu ruwan sama da za a ji tsoro, babu ko gajimare. Yaya ya ce wani ajidan, babban cikin sojojin da ke kula da lodi, ya tara direbobi ya gaya masu dalili: mai yunwa in bai ga buhu ba, ba zai bi mota ba. Matar Yaya ta ce to ai hakan ya yi, an tsare rayuka. Yaya ya yi dariya. Ya ce akwai wani amfanin kuma. Motar da aka rufe, ba wanda ya san ko cike ta fito ko da saura, ba kuma wanda ya san a ƙofar gidan wa ta tsaya kafin ta isa. Ya faɗi haka yana cin tuwo, bai ɗaga kai ba.

Tuwon jar dawa ne. Ban taɓa tambayar inda ta fito ba, ba sai na tambaya ba. Duk ranar da ya dawo daga jigila, hatsi yakan maƙale a cikin ninkin tamfol da tsakanin katakan bayan motar. Na kan katako matarsa ke sharewa ta shigo da shi. Na cikin tamfol kuwa ya bar wa matan waje, amma da sharaɗi. Su za su sauke shi, su shimfiɗa a filin ƙofar gida, su kaɗe, su ninke, su kai rumfa. Kuma bai yarda su tsince hatsin a kan tamfol ɗin ba, wai farcensu zai kankare masa kitsen da ke hana ruwa shiga. Sai sun kama gefe-gefe sun kaɗe shi a kan yashi, sannan su durƙusa su tsinta. Shi da abokansa suna kan benci suna shan shayi. In mata biyu suka kama kokawa a kan wuri ɗaya, sukan zaɓi wadda suke ganin za ta kayar. Wani daga cikinsu, mai gyaran taya, yakan watsa ɗan hatsi nesa don ya ga sun ruga.

Na yi masa magana sau ɗaya. Ya ce, "Wa ya ba su ko ƙwaya a layin nan in ba ni ba? Ke me kika ba su, alli?"

Cikin wannan hali Baffa ya iso.

Ƙanen mahaifinmu ne, daga ƙauyenmu na asali a arewacin Dakwaro. Ni ban san shi sosai ba. Ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, Baffa ya karɓi gona da shanu da sunan riƙo, ya kuma karɓi Yaya ya sa shi kiwo. Wata rana saniya ta ɓace a hannun Yaya. Baffa ya ɗaure shi a turke a tsakar garke, hannu a baya, tun safe har rana ta faɗi, ya hana kowa ya ba shi ruwa. Matar Baffa, wadda muke kira Inna, ita ta saci jiki ta jiƙa masa baki da tsumma. Bayan wannan ne mahaifiyarmu ta kwashe mu ta koma wurin danginta a Maraɗi. Shanun ba su biyo mu ba. Har ya girma akwai tabon igiya a wuyan hannun Yaya, nan yake ɗaura agogo.

Na taso daga lakwal na tarar da su a ƙofar gida, dogon tsoho da sanda da wata 'yar tsohuwa riƙe da ƙullin kaya. Da ya faɗi sunan mahaifinmu na gane shi, don goshinsu ɗaya. Shanun sun mutu duka. 'Ya'yansa maza sun tsallaka Najeriya kafin a rufe iyaka, ba labarinsu. A kasuwar Dakwaro wani ya gaya masa ɗan wansa yana Yamai yana tuƙa motar hatsi. Sun yi tafiyar a bayan motoci daban-daban, wani wurin a ƙafa.

Matar Yaya ta shimfiɗa masu tabarma a rumfa, ta dama fura. Da yamma Yaya ya dawo. Ya tsaya a bakin rumfar yana kallon su, makullin mota a hannunsa.

Baffa ya ce, "Ɗana, ka ga yadda Allah ya yi da mu."

Yaya ya ce, "Na gani." Sai ya juya wurin matarsa. "Wa ya ce ki sa baƙi kusa da tamfol?"

Bai kore su ba, bai kuma bar su a ciki ba. Ya nuna masu gindin katanga daga waje, inda yake ajiye motar, ya ce in motar tana nan suna iya kwana ƙarƙashinta. Ya hana matarsa ta fitar masu da abinci daga tukunyarsa. Ranar da ya kama ta da kwano a ƙarƙashin mayafi, ya karɓa ya kife shi a ƙasa a gabansu, ya mare ta. Ni bai hana ni ba. Nakan sayo masu garin rogo da ƙuli-ƙuli, wani lokaci in raba kwanona biyu. Ya ce, "Albashinki ne. Ki ba kare ma in kin ga dama."

Na roƙe shi ko Inna kaɗai ya bari ta shigo ɗakina. Na tuna masa da tsumman ruwa. Ya ce ya tuna, ya kuma tuna cewa bayan ta jiƙa masa baki ta koma ɗaki ta bar shi a ɗaure.

Baffa ba mutum ne mai sauƙin tausayawa ba. In na kawo abinci shi ke fara ci, sai ya ƙoshi ya tura wa Inna kwanon. Yakan yi mata tsawa a gaban mutane kamar har yanzu yana da garke. Ni ma ya ce mini bai ga amfanin mace ta kai shekaruna ba aure tana yawo da jaka ba. Amma duk ranar da motar ta dawo, Yaya yakan kira shi daga kan benci. "Tsoho, kama can." Baffa ya ajiye sandarsa, ya shiga cikin matan, ya kama kusurwar tamfol. Nauyin yakan ja shi har ya durƙusa. Abokan Yaya sun san ko wane ne, shi ya gaya masu. Mai gyaran taya yakan ce, "Mai shanu, a kaɗa da ƙarfi." In an gama ya tsugunna tare da Inna su tsinci dawa a cikin yashi, ita tana tankaɗewa da wani tsohon gwangwani da ta huhhuda.

Haka aka yi sanyi, aka shiga bazara. Zafin shekarar ya yi tsanani, a aji yara sukan kwantar da kai a kan tebur, ni ma ba na hana su. Sai rediyo ya fara sanarwa cewa duk wanda fari ya koro ya koma garinsu ya jira damina, za a ba da iri, za a ba da mota kyauta. Mutane kaɗan suka tafi da kansu. A lokacin kuma ana ta share manyan tituna ana shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, don ana jiran manyan baƙi daga waje.

Ina cikin aji da hantsi matar Yaya ta leƙo ta taga, ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Ta ce sojoji da 'yan sanda sun zagaye unguwa tun da sassafe, sun kwashe duk wanda ke kwana a waje, har da su Baffa. Na bar yaran a hannun malamar ajin kusa, na fita.

A wani fili bayan tasha aka tara su. An zaunar da su rukuni-rukuni bisa ga inda suka fito, kamyoyi suna jere. Masu shimfiɗaɗɗen baya an kafa masu sanduna a gefe an ɗaura katako, tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Motar Yaya tana cikin masu tafiya gabas, Doso, Ƙonni, Maraɗi, har Dakwaro. Ban sani ba ko shi ya nemi hakan ko haka ta faɗo. An riga an ɗora mutane, a matse, gwiwa a ƙirji. Na hango rawanin Baffa a tsakiya, Inna a jikinsa.

Na ga ana sauke wasu daga wata motar, na tambayi wani ɗan sanda. Ya ce wanda ke da mai gida a birni da zai tsaya masa, ana sakin sa. Ya nuna mini ajidan ɗin, wani gajere mai gilashi, yana tsaye a inuwar wata motar soja.

Na gaishe shi da Faransanci, na ce ni malama ce, tsofaffin can biyu baffana ne da matarsa.

Ya ce, "Kina da gida?"

Na ce ina zaune a gidan yayana.

"To yayanki ne zai zo, ba ke ba."

Na ce ga shi can, shi ne direban motar. Ajidan ya cire gilashinsa ya dube ni, sannan ya sa aka kira Yaya. Ya zo da igiya a kafaɗa, ya sara masa kamar soja.

Ajidan ya ce, "Madam ta ce akwai baffanku a motarka. In ka karɓe su, a sauke su yanzu."

Yaya bai ko waiwaya wajen motar ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata ce, tana da tausayi. Duk tsohon da ta gani baffanta ne."

Sojojin da ke kusa suka yi dariya. Ajidan bai yi ba. Ya mayar da gilashinsa, ya ce mini, "Ki koma bakin aikinki, Madam. Yanzu lokacin aji ne." Na fahimci abin da yake nufi. A wancan zamani malami kan iya kwana a Yamai ya wayi gari an tura shi bakin hamada.

Ban koma ba, na tsaya a bakin filin tare da masu kallo. Sai na ji ajidan yana ba da oda a rufe motocin. Hanyar gabas ta gaban filin jirgi take bi, baƙin kuma ranar suke sauka. Ya ce a rufe har a wuce shingen jandarma na bayan gari, daga nan a buɗe. Wani dattijon direba ya ce, ranka ya daɗe, mutane ne fa, ga rana. Ajidan ya ce tafiyar ba ta kai a sha shayi ba.

Direbobi suka hau. Na lura yawancinsu sun yi ɗaurin ganin ido, sun bar baya a sake, wani ya tokare gefe da sanda don iska ta shiga. Yaya ya warware nasa daga gaba zuwa baya, mutane suna sunkuyar da kai yana bi ta kansu. Ya sauko, ya zura igiya a kowane zobe, ya ja, ya taka, ya sake ja. Ya ninke kusurwoyin baya ya cusa su ciki yadda yake yi wa siminti. Ajidan da ya zo dubawa ya buga tamfol ɗin da tafin hannu, ya ce wa sauran su zo su ga aiki. Daga waje ba abin da ake gani sai tudun kawuna suna motsi a ƙarƙashin koren. Motocin suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya yi kwanaki bai dawo ba. Ranar da ya dawo ina gida. Babu matan da za su sauke masa tamfol, sai ya kira 'yan dako daga kasuwa. Suka shimfiɗa shi a ƙofar gida, warin da ya tashi ya sa matarsa ta toshe hanci ta koma ciki. Ya sa aka kawo ruwa da sabulu da tsintsiya. Na fito na tsaya a kansa, na tambaye shi ko sun isa lafiya.

Ya ce, "Zo ki gani." Ya ɗaga tsakiyar tamfol ɗin, ya zura hannunsa ta wata tsaga mai tsawon kamu ɗaya, ya motsa yatsunsa. "Aikin baffanki. Da wuƙa ya yi."

Na ce, "Suna ina?"

"Tsohuwar na kai ta har gida. Shi ya rasu. Tun kafin Doso."

Ya aika a kira baduku. Ya tsaya a kansa har ya gama faci, yana gaya masa ya ninka zaren.

A makon na kwashe kayana na koma wurin wata abokiyar aikina a Gamkalle. Yaya bai hana ni ba, shi ya ma aiko mini da katifata a amalanke. Ruwa ya sauka a shekarar, mai yawa. Da aka ba da babban hutu na tafi ƙauye.

Na sami Inna a bukkar wata 'yar ƙanwarta. Gero ya yi tsayi har ya rufe hanya. Ita ta ba ni sauran labarin, muna zaune tana ɓarar wake.

Ta ce ba su yi nisa ba aka tsayar da su. An rufe hanya saboda baƙin, aka kautar da motocin bayan wata doguwar katanga, aka kashe inji. Jirgin ya yi latti. Tun hantsi suke nan har aka yi azahar, rana ta karkata. Ta ce da fari mutane suna magana, suna kiran direba, daga baya suka koma dukan katako. Tamfol ɗin ya yi zafin da ba a iya taɓa shi da kai, kowa ya dunƙule. Yara suka yi kuka suka gaji. Wasu suka yi fitsari a inda suke, wasu suka yi amai. Ta ce tana jin rediyon motar a gaba, ana kiɗan tarbar baƙi.

Baffa yana da 'yar wuƙa a damtse, irin ta makiyaya, wadda ba a gano ba wajen lodi. Ya zaro ta ya tsaga sama da kansa. Bai ba kowa wurin ba, in ji Inna, bakinsa ya kafa a tsagar. Mutane suka taso masa, kowa yana son ya kai hanci, aka danne shi. Wani soja a waje ya ga hannu ya fito, ya hau ya buga da gindin bindiga. Daga nan Baffa ya zame ya jingina da ita. Na tambaye ta ko ya ce wani abu. Ta ce ya ce ta janye gwiwarta tana taka masa riga.

Da aka buɗe hanya suka wuce shinge, aka kwance igiya. A sauran motocin an sami waɗanda suka suma, aka zuba masu ruwa suka farfaɗo. A motar Yaya, Baffa bai tashi ba, da wata tsohuwa Buzuwa, da jaririn da ke bayan uwarsa. Sojan da ke rakiya ya ce ba za a koma da gawa birni ba. Suka ci gaba har wani ƙauye a bakin hanya, mutanen garin suka fito da fartanya suka haƙa, limaminsu ya yi salla. Da liman ya tambaya ko mamacin yana da wani nasa, Inna ta nuna Yaya ta ce ga ɗansa. Aka shigar da shi sahun gaba. Bayan an rufe, mutanen garin suka bi layi suna ba shi hannu suna yi masa ta'aziyya, yana amsawa. Daga nan ya ce Inna ta shigo gaba ta zauna kusa da shi. A Ƙonni ya tsaya ya saya mata burodi.

Da take ba ni labarin ba ta zagi Yaya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙe ni. 'Ya'yanta in sun dawo za su tambaye ta inda ubansu yake, ita kuwa ba ta san sunan garin ba, Zabarmanci suke yi, ba ta ji. Ta ce akwai rijiya kusa da hanya da wata bishiyar gawo. Ta ce in tambayi Yaya.

Na tambaye shi da na koma, a tasha, yana kwance a ƙarƙashin motar yana duba wani abu. Ya ce bai riƙe ba, garuruwan hanyar nan duk kamarsu ɗaya. Na sake tambayar sa bayan shekaru, lokacin ya mallaki motocinsa, ya je Makka, ya gina gida a Koira Kano. Muna gaisawa a lokacin, nakan je masa barka da salla saboda 'ya'yansa. Ya ce in daina tayar da abin da ya wuce, kowa ya sha wahala a shekarar nan, shi ma ya sha.

Wani hutu na hau motar haya ni kaɗai, na riƙa sauka a ƙauyukan da ke tsakanin Yamai da Doso, duk inda na ga rijiya da gawo. Ina jin Zabarmanci daidai gwargwado a lokacin. A garin farko wani dattijo ya ce ƙwarai, ya tuna, ya kai ni bayan gari ya nuna mini wasu tudun ƙasa da ƙaya a kai, ya ce baƙi ne aka sauke daga mota a shekarar fari. Na yi addu'a. Don in tabbatar na tambaye shi ko akwai dogon tsoho da jariri, ya ce shi dai ya san akwai mata. A gari na gaba ma aka nuna mini wasu, a na gaba da shi ma haka. Da la'asar na tsaya a bakin hanya na tsayar da motar komawa.

'Ya'yan Baffa ɗaya ne ya dawo, bayan an buɗe iyaka. Inna ta gaya masa ubansa yana kan hanyar Doso. Ta rasu da damina ta uku bayan haka, a ƙauye, aka binne ta kusa da iyayenta.